Littattafan Lahadin Kawu

Wanda Ya ba mu Kawu Ya karɓi abinSa ranar Talata da hantsi, yana zaune a gaban keken ɗinkinsa, da rigar wani a hannu saura wuya. Ba mu da abin cewa, Mai abu ne Ya ɗauka. Kafin azahar an yi masa sutura, kafin la'asar maza sun dawo daga maƙabarta da jar lakar Yawunde a ƙafafunsu.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce. A hannunsa na tashi, a gidansa na unguwar Briketeri, tun ina shekara biyar har aka kai ni ɗakin miji. Saboda haka na ɗauka na san duk wanda zai zo gaisuwa: dangi, teloli, masu shadda na bakin titi, mutanen masallaci. Sai ga mutane suna ta ɓullowa waɗanda ban san inda Kawu ya samo su ba. Wani dattijon mahauci daga unguwar Etudi ya tsaya daga bakin ƙofa yana yi wa Inna, matar Kawu, ta'aziyya, ya ce:

"Hajiya, a shagonsa na fara ganin ƙanƙara ta rufe dutse, mutane suna zamiya a kai. Na koma Etudi na ba da labari, aka ce ƙarya nake."

Wata tsohuwa daga unguwar Elig-Edzoa, wadda ba musulma ba ce, ba ta kuma jin Hausa sai ta ciniki, ta shigo ta zauna a ƙasa tana kuka kamar ɗan'uwanta ne ya mutu. Da Faransanci ta gaya mini cewa shekaru tana sauke tiren rogonta a ƙofar shagon kowace Lahadi, Kawu ya miƙo mata kujera ba tare da ya waiwayo ba. Direbobin taksi sun zo, masu tsire sun zo. Ba wanda ya yi maganar ɗinki, alhali mutumin nan ya yi shekara hamsin yana yi wa manyan riguna aiki. Kowa maganar Lahadi yake yi.

Rana ta biyu, babban ɗan Kawu da ya zo daga Duwala yana neman katin shaidar mahaifinsa saboda takardar mutuwa. Ya jawo akwatunan ƙarfe biyu daga ƙarƙashin teburin yanka, ya tarar da su cike da littattafan 'yan makaranta, irin masu layi da muke kira kaye. Ya buɗe ɗaya, ya ga baƙaƙen Larabci da Bisimilla a saman shafi. Bawan Allah ya rufe da sauri, ya je ya yi alwala, ya lulluɓe akwatunan da sabuwar shadda, ya sa aka ɗauka a ka zuwa gaban Yaya. Taubashina ne, don haka zan faɗa ba kunya: injiniya ne, amma ko sunan tumatir ka rubuta masa da ajami zai sumbata ya ɗora a kan kabad.

Yaya shi ne wan Kawu da mahaifiyata, babban gidan, mai jan salla a ƙaramin masallacin layinmu. Dukanmu Yaya muke ce masa, har jikoki, don haka muka ji ana kira. Ya ɗauki littafi ɗaya a gaban masu zaman makoki, kowa ya nutsu yana jiran addu'o'in da mamaci ya bari. Ya karanta layin farko a fili kafin ya ankara.

"Lahadi. An fara da tseren kwale-kwale. Sai wasu ƙatti masu ɗaga ƙarfe."

Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Yaya ya rufe littafin a hankali.

"Sunan Allah ne a kan kowane shafi," in ji shi. "Ba a zubarwa, ba a barin yara su naɗe ƙosai da shi. Abin da ke ƙasan sunan kuwa ba shi ne abin da za a tuna ƙanena da shi ba. Ranar bakwai, bayan addu'a, za a haƙa rami a bayan masallaci a binne su, yadda ake yi wa tsofaffin takardu."

Ina bayan labule na ji. A gidan nan ni kaɗai na san abin da ke cikin akwatunan. Matsalar ita ce ni ma ba na iya karanta su. Ina karanta Alƙur'ani, amma ajamin Kawu ba wasali, a gurguje yake zuba shi, wanda zai iya warware shi sai wanda suka yi allo gaban malami ɗaya. Wato Yaya, mutumin da zai binne su nan da kwana biyar.

Bari in faɗi mene ne su.

Lokacin da talabijin ta shigo ƙasar nan ina ƙaramar makarantar boko. Tasha ɗaya ce, kuma ba kullum take buɗewa ba. In ka kunna ba a lokacinta ba, sai farin yayyafi da shuu. Kawu ya sayo tasa ta hannu a kasuwar Mokolo, ya ɗaura eriya a doguwar gora bisa kwanon shago. In iska ta kaɗa hoto ya gudu, sai wani ya hau ya juya gorar, na ƙasa suna cewa, "Ƙara. Ya yi yawa. Tsaya nan."

Ranar Lahadi bayan la'asar ake yin wani shiri da ba na wasa ɗaya ba. Sunansa na Faransanci ne, amma ba wanda ya taɓa kiransa da shi a layinmu. Kawu ya sa masa Kala-kala, sunan ya bi shi. Cikin awa guda za a nuna maka kokawar arewa, sai masu keke suna hawan dutse a ƙasar Turawa, sai tseren jiragen ruwa a bakin teku, sai wasu yara mata suna juyi a sama kamar ba ƙashi a jikinsu, sai dawaki, sai masu iyo. Ba ka san abin da zai zo ba sai ya zo. Daga baya na gane cewa na ƙasashen waje a kaset ake kawo su ta jirgi, wani ya yi makonni da wucewa kafin mu gani. Ba wanda ya damu. Mu da ba mu taɓa wuce garin Obala da ke nan kusa ba, duniya ce ake kwance mana ƙulli-ƙulli a shagon tela.

Kawu yana cewa, "Wanda ke haɗa shirin nan tela ne. Ku dubi inda ya haɗa ƙanƙara da kokawa, ba ka ganin bakin ɗinkin."

Da an fara kiɗan buɗewa yake ɗage ƙafa daga keke, ko rigar ango ce a kai. Shi ne tafinta. Faransancinsa na kasuwa ne, Turancinsa kuwa na Mokolo, amma bai taɓa barin wannan ya tsaya masa ba. In mai sharhi ya yi dogon bayani, Kawu sai ya ce, "Ya ce wannan ɗin ya gaji." In na gyara masa, don ni 'yar boko ce mai rawar kai, sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To madam, ke fassara. Amma dubi fuskarsa, bai gaji ba?" Kuma ya gaji ɗin.

Ido ne da shi na mai allura. Mu muna kallon wanda zai ci, shi yana kallon yadda mai ɗaga ƙarfe ke shafa farin gari a tafi, da yadda leɓensa ke motsi kafin ya sunkuya. "Addu'a yake yi," in ji Kawu. "Ban san da wane yare ba, amma addu'a ce." Ranar da aka fara nuna masu faɗowa daga dogon gini zuwa cikin ruwa, shagon ya yi tsit, sai muryar Kawu can ƙasa: "Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya yi ɗan Adam. Da laka fa aka yi wannan."

Akwai wata Lahadi da ba na mantawa. An nuna dogon gudu, irin na awanni. Wanda ya ci ya ci, an rataya masa abin wuya, shago ya kaure da gardamar ko ɗan wace ƙasa ne. Sai mai ɗaukar hoto ya koma kan hanya, ga wani can shi kaɗai, ƙafa ɗaya a ɗaure, yana tangaɗi kamar zai kife. Kawu ya miƙe tsaye.

"Ku yi shiru. Ga mutum yana zuwa."

Muka yi shiru. Bai zauna ba sai da mutumin ya taka layi. Ban taɓa ganin Kawu ya miƙe wa wani mai kuɗi haka ba.

Daga wannan rana ya ba ni aiki. In an rubuta suna a fuskar talabijin, in kwafe a bayan kwali da allin awonsa, musamman sunan na ƙarshe. Bayan magariba, in jama'a sun watse, sai ya ɗauko kaye da bik, wato biro, in karanta masa sunayen yana juya su zuwa ajami, ya rubuta abin da aka nuna, da yadda aka jera shi, da wanda ya gabatar. Shi ya sa 'ya'yansa ba su sani ba. Sun ga Baba da rubutu bayan salla, sun ɗauka wuridi ne. Na taɓa tambayarsa amfanin wannan wahala.

"Mutum ya yi shekaru yana tashi da asuba saboda minti ɗaya," in ji shi. "A nuna shi, a wuce, a shiga talla. Ai ya kamata a samu wanda zai ce ya gani."

"To Bisimillar fa, Kawu?"

"Akwai abin da nake farawa ba da ita ba?"

Babu. Ko zare zai zura sai ya yi.

A mahaɗar layinmu akwai wani gurgu mai sayar da goro, magidanci, mai keken da ake murzawa da hannu. Bai taɓa zuwa kallo ba, yana cewa shi da wasan tsalle-tsalle ina haɗi. Wata Lahadi mai gabatarwa ya faɗi tun farko cewa a ƙarshen shiri za a nuna tseren masu keken guragu. Kawu ya bar shago cike da mutane, ya fita da kansa cikin yayyafi, ya turo mai goro har gaban akwatin talabijin, ya ce masu gaba su matsa. Aka nuna su, kafaɗu kamar na maƙera, suna wucewa kamar babur, filin cike da 'yan kallo a tsaye. Aka gama. Sai da za a fitar da mai goro ya ce, "Ashe mu ma ana kallonmu." Ya zo gaisuwa rana ta uku, ya tsufa, ya ƙi shiga rumfa, ya tsaya da kekensa daidai ƙofar shagon har aka kira azahar.

Ba kowa ne ya so abin ba. Yaya tun farko ya ɗaure fuska, amma ya yi shiru, don Kawu ba ya barin akwatin a kunne in an kira salla. Ko ana tsakiyar dambe zai murɗe. Rigimar ta tashi ne ranar da aka nuna mata masu gudu da gajeren wando, ga magidanta cike da shago, har da waɗanda ke ɗaukar karatu wurin Yaya. Labari ya kai masa kafin magariba. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, carbi a hannu, bai ɗaga murya ba, Yaya ba ya ɗaga murya.

"Gidan mahaifinmu ne wannan, ko silima?"

"Yaya, gudu suke yi."

"Na ga abin da suke yi a idon waɗannan."

Kawu, wanda ban taɓa jin ya mayar wa wansa magana ba, ya ce, "To a gyara idon, Yaya. Ita yarinyar ba ta yi komai ba sai gudu."

A gaban mutane. Na ga jijiyar wuyan Yaya ta tashi. Ya ce, "Wallahi ƙafata ba za ta taka shagon nan ba muddin akwatin nan yana ciki." Ya juya.

Ya kuwa cika. Fiye da shekara talatin. Suna gaisawa kowace safiya, Kawu yana durƙusa masa har gwiwarsa ta daina yarda, suna cin tuwon salla a kwano ɗaya, rigar Yaya ta idi Kawu ke ɗinkawa, amma a tsakar gida ake awo. Inna ta yi sulhu ta gaji. Mahaifiyata ta yi kuka ta gaji. Kawu bai fitar da akwatin ba, Yaya bai janye rantsuwa ba. Taurin kai a gidanmu gado ne, ni ma an ba ni rabona.

Sai zamani ya juya. Aka fara kafa faranti a kan rufi, sai wayar kabul ta bi layi-layi kamar igiyar shanya, tashoshi suka yi yawa. Aka samu masu nuna ƙwallon Turai tun safe har dare, kai tsaye. Samari suka koma can. Wa zai zauna jiran tseren kwale-kwale na makon jiya? Aka mayar da Kala-kala ranar Asabar, aka dawo da shi Lahadi, aka rage shi zuwa rabin awa, masu gabatarwa suka yi ta canzawa. Duk Kawu ya rubuta. Shagon da a da sai an leƙo ta kafaɗa ya koma mutum huɗu, sai biyu. Na taɓa zuwa da goyo na tarar da shi shi kaɗai, yana yi wa kujeru tafinta a hankali.

Wata Lahadi ya kunna, sai ya ga wasan kwaikwayo. Ba sallama, ba bayani. Ya jira Lahadi huɗu. Bayan ta biyar, ranar Litinin, ya sa babbar riga, ya ɗauki kaye ɗaya, ya shiga taksi zuwa gidan talabijin ya tambaya. Masu gadi suka yi ta masa dariya, har wani ma'aikaci da ke wucewa ya tsaya. Ashe shi ne ya yi shekaru yana haɗa shirin. Kawu ya dawo yana cewa, "Na ga telan. Gajere ne."

Wannan mutum ne ya zo gaisuwa rana ta huɗu, da baƙar kwat da sanda, ya yi ritaya tuni. Ya cire takalmi ya zauna a tabarma kamar yadda ya ga ana yi. Ya yi wa Yaya ta'aziyya da Faransanci, taubashina yana fassarawa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce a zamaninsu kaset yana da tsada, in an nuna shiri sai a ɗora wani a kansa. Waɗanda suka rage kuma damshi ya cinye. Ya ce shi kansa ba ya iya tuna abin da ya haɗa, sai gutsi-gutsi.

"Rayuwata ce a cikin littattafan nan, Malam," in ji shi. "Ba ta wani wuri kuma. A ba ni aro kawai, in sa a kwafe."

Yaya ya yi masa godiya, ya sa aka kawo masa ruwa da goro.

"Misye, ba raini ba ne. Da sunan Ubangiji a kai. Ban san hannun da zai taɓa ba, ban san teburin da za a ajiye ba. Na riga na yi magana."

Mutumin ya ɗauki sandarsa. A bakin ƙofa na ga yana share ido da bayan hannu.

Kwana biyu ina cin raina. Rana ta shida da safe na shiga wurin Yaya, na durƙusa, na gaishe shi, sannan na yi abin da ba a yi. Na ce masa Kawu bai bar gida mai bene ba, bai bar mota ba, wannan ya bari. Na ce binne littattafan nan binne shi ne karo na biyu. Na ce fushin shekara talatin ne yake son rufewa da ƙasa, ba sunan Allah ba. Da na faɗi wannan na ji tsoron bakina.

Bai kore ni ba. Akwatunan suna gefensa a buɗe, littattafai jere a kan buzu.

"Kin gama?"

"Na gama, Yaya."

"Ba na binne takardar da ban karanta ba. Ko ya bar wasiyya a ciki. Tashi ki je."

Na fita ina kuka, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina.

Ranar bakwai aka yi addu'a da safe, aka raba waina da gumba. Samari sun riga sun haƙa ramin a bayan masallaci, na gani da idona, har ruwa ya ɗan taru a ciki. Jama'a suna watsewa aka ce Yaya yana kirana. Na same shi zaune, idanunsa jajaye, littafi a buɗe a cinya. Ya ce in zauna. Ya sa yatsa a ƙasan wani shafi, ya karanta.

"Yaya ya tsaya a taga. Na juya akwatin kaɗan."

Ban gane ba. Ya buɗe wani.

"Yau kokawa ce. Yaya ya daɗe."

Wani kuma. "Za a nuna mata masu iyo. Na mayar da akwatin daidai kafin ya iso, kada ya ji nauyi."

Shagon yana da wata 'yar taga ta gefe, sama da inda ake rataye yadi, tana kallon lungun da ba ya kaiwa ko'ina sai ƙofar Yaya. Masu kallo suna ba ta baya. Mai zaune a kan keke ne kaɗai ke fuskantarta. Na yi shekaru a shagon nan ban taɓa ɗaga kai ba.

"Kafin a kai ni karatu, ni ɗan kokawa ne," in ji Yaya, yana kallon shafin. "A garinmu ba wanda ya taɓa kai bayana ƙasa. Shi ne mai riƙe mini riga. Na ɗauka ba ya ganina."

Ya ɗauko wani littafi daga ƙasa, ya sa masa alama da tsinke. Wannan shafin ya fi sauran cika, rubutu har gefe.

"Shekarar da na karye a ƙugu ce, na yi wata uku a kwance. Ji." Ya gyara tabarau. "Yaya bai zo ba. An yi kokawa mai kyau, zan rubuta masa ita duka, shi ne zai gane. Dogon ya fara kai hannu wuya, gajeren ya ƙi ba shi, ya nemi ƙafa..."

Ya ci gaba da karantawa, kamu bayan kamu, har inda gajeren ya shiga ƙarƙashi ya ɗaga. Nan ya tsaya. Dattijon da ya wanke ƙanensa da hannunsa bai zubar da hawaye ba, ya rufe fuska da hannun riga. Ni ma na yi kuka, amma abin da ya fi cika ni mamaki ne. Mutum ya san sirrin wansa shekara talatin, yana da abin da zai rama da shi a gaban kowa, bai taɓa ko murmushin da zai nuna ya sani ba.

Da ya natsa ya ce, "Ki ce wa yaran nan su mayar da ƙasar."

"To, Yaya."

"Littattafan suna wurina, ba inda za su. Ni zan karanta, ke ki rubuta da bokonku. Abin da kika rubuta ki kai wa mai kwat. Ban da na taga."

Na ce to. Amma na taga na roƙe shi daga baya, ya ce in ya zama don a yi wa ƙanensa addu'a ne, in faɗa.

Lahadin da ta biyo, bayan la'asar, na buɗe shagon, na share, na ajiye masa kujera kusa da keke. Na ji takunsa da sandarsa, amma bai ɓullo ta ƙofa ba. Sai na ji gyaran murya ta sama da yadi.

"Yaya, ga kujera."

"Akwatin yana ciki?"

"Yana ciki. In sa a fitar?"

"Bar shi inda mai shi ya bar shi. Rantsuwa na yi. Buɗe tagar sosai."

Haka muke yi yanzu kowace Lahadi. Ni ina ciki da bik da sabon kaye, shi yana tsaye a lungu da tsohon, yana karantowa. Ba ya tsallake komai, har mata masu gudu, sai dai ya yi sauri a wurin. In ya zo kan sunan na ƙarshe a tsere yakan maimaita sau biyu, don kada in yi kuskure. Mun gama littafi uku, saura akwati biyu ba kaɗan, ga Yaya ya haura tamanin, ƙafarsa ba ta son tsayuwa. Ina roƙon Allah Ya ara mana kwanakinsa.

Ya Allah, bawanKa ne tela, ya fara komai da sunanKa, ya rufa wa ɗan'uwansa asiri har ya koma gare Ka. Ka rufa masa nasa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sa ya tarar an ga abin da ya yi. Wanda ya karanta wannan, ya ce amin.